Ikebana: Mazubi Ne Ke Nuna wa Reshe Yadda Zai Tsaya

Ku ɗauka ga wani faffaɗan kwano a gabanku. Ruwan cikinsa bai kai tsawon yatsa ba, rassa uku kacal ne a tsaye, sauran wurin wayam. Wanda ya saba ganin furanni cunkushe a teburin biki zai ce ai ba a gama ba. An gama. Wannan ita ce ikebana, fasahar jera furanni ta mutanen Japan.

Ta samo asali ne daga furannin da ake ajiyewa a wuraren ibadar mabiya Buddha. A haikalin Rokkakudo da ke Kyoto gidan Ikenobo, masu koyar da wannan fasaha, ya taso, kuma tun 1462 aka rubuta labarin malaminsu Senkei, wanda jama'a suka yi cincirindo don kallon furannin da ya jera a tulun zinariya.

To, kafin a taɓa fure, mazubi ake fara zaɓa, don shi ke yanke hukunci. In dogo ne mai ƙaramin baki, salon nageire ke nan: a gitta ƴan sanduna biyu a bakinsa, reshe ya jingina ya karkata kamar iska ce ta kwantar da shi. In faffaɗa ne marar zurfi, sai moribana, salon da Ohara Unshin ya fito da shi a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da furannin Turai suka fara shiga ƙasar. A nan ake buƙatar kenzan, wani ɗan faifai mai nauyi da aka dasa wa allurai tsaitsaye. A kansu ake soke ƙasan reshe.

Ga awon da ake koya wa sabon shiga a Sogetsu, ɗaya daga cikin makarantun ikebana. Ku haɗa faɗin kwanon da zurfinsa, ku ƙara rabin abin da kuka samu: tsawon babban reshe ke nan, wanda ake kira "shin". Na biyu, soe, kashi uku cikin huɗu na shin. Ƙaraminsu hikae. Reshen shin zai karkata daga tsaye da digiri 10 zuwa 15, soe 45, hikae 75. Yankan ƙasan reshe kuma a cikin ruwa ake yinsa, kada iska ta shiga ta toshe hanyar da tsiron ke sha.

Kada tsadar tulu ta tsorata ku. Sen no Rikyu, gwanin al'adar shan shayi ta Japan a ƙarni na 16, guntun gora ya yanka ya sa fure. Teshigahara Sofu kuwa, da ya kafa Sogetsu a 1927, cewa ya yi kowa na iya yi, ko'ina, da kowane irin abu. Busasshen reshe, ciyawa, saiwa, har ƙarfe sun shigo. Saboda haka tsohon kasko da reshen darbejiya ma sun isa gwaji.

Yanzu ku ja da baya ku duba. Wancan ganyen da ya rufe lanƙwasar reshen, a sa masa almakashi.