Pentiment: wasan binciken kisa da ya sa na tuna Kano

Assalamu alaikum jama'a, Kanawa na gida, gaisuwa daga nan Jamus. Yau wani wasan kwamfuta mai suna Pentiment na kawo muku. Kun san yadda maganar mutanen cikinsa take fitowa? Babu murya ko kaɗan, alƙalami ne yake rubuta ta, kana jin ƙarar karcensa, tawadar ta fito a jiƙe sannan ta bushe. Wani lokacin har harafi ya kuskure, a goge a gyara a gabanka. Wallahi abin nan ya burge ni ƙwarai.

Wasan Pentiment ɗin nan, kamfanin Obsidian ya fitar da shi a 2022, kuɗinsa bai wuce dala 20 ba. Labarin ya fara a 1518 a wani ƙauye na ƙirƙira, Tassing, a yankin Bavaria da ke Jamus ta yau. Kai ne Andreas Maler, mai zayyanar littattafai a gidan ibadar Kiristoci na Kiersau. Aka kashe wani basarake, aka ɗora wa tsoho Piero, abokin aikinka, kai kuma dole ka nemo wani da za ka nuna kafin mai shari'a ya iso.

Kowa da irin rubutunsa. Na manomi a karkace, na malaman coci da manyan baƙaƙe, na mai ɗab'i kuwa kamar an buga da inji, yadda kake bambance rubutun alaramma da na ƙolo a kan allo. In Andreas ya gane cewa wani ya fi yadda ya zata ilimi, sai rubutun mutumin ya sauya nan take. In ido ya gaji, akwai wurin mayar da shi rubutu mai sauƙi, amma ni ban ba ku shawara ba.

Wasan kansa danne-danne ne: ka danna wuri ya tafi, ka danna mutum ku yi magana. Kalmar da aka ja wa layi, danna ta, bayaninta zai fito a gefen shafi. To ga inda ake faɗawa rami. Lokaci ƙidayayye ne, kuma duk gidan da ka zaɓa ka ci abinci ko zargin da ka bi, ya cinye maka wani yanki na yini. Ba za ka iya bin kowane zare ba. Kada ka yi wa mutane gatsali da wuri, wasan yana riƙe maganarka, sai ranar da kake neman alfarma ta dawo maka. Kuma wasan da kansa yake ajiye inda ka tsaya, babu komawa baya yadda ka ga dama.

Abin da ya tsaya min a rai, 1518 ɗin nan Muhammadu Kisoki ne a gadon Kano, jikan Rumfa. Kasuwar Kurmi tana ci, fatake suna shigowa, malamai suna rubutu. Me zai hana yaranmu masu kwamfuta su yi mana irin wannan, da ajami, a yi binciken tun daga Kurmi har ƙofar fada? Kai, ina kewar garin nan.

Amma ku sani, karatu ne zalla, Turancinsa da nauyi, babu Hausa. Akwai giya da maganganun manya, kada ku sakar wa yara. Ba ya neman babbar kwamfuta, sai dai ku sauke shi da daddare lokacin da data take arha, ku kuma cika batir, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar doguwar hira, daga farkonta za ku sake.