Tanis na asali a Oxford da Cambridge: ina kuɗin tsofaffin ɗalibai ya kamata ya tafi?

Malam Sani: Jama'a barkanmu da sake saduwa. Tun bayan shirinmu na wasannin jami'o'i saƙonni suke shigowa a kan tanis na asali, wanda ake bugawa cikin ɗaki mai bango huɗu, kuma tambayar da ta fi yawa ita ce wa yake ɗaukar nauyin ɗaliban da ke buga shi. Hajiya Bilkisu, ke kika zauna a Ingila, bismillah.

Hajiya Bilkisu: Na gode, Malam. A duniya kaf filayen wasan nan ba su wuce 50 da 'yan kai ba, kuma a ƙasashe huɗu suke: Birtaniya, Faransa, Amurka da Ostareliya. Oxford tana da ɗaya a titin Merton, Cambridge tana da biyu a titin Grange, waɗanda aka gina a 1866 da 1890, kuma jami'o'in biyu suna karawa da juna tun 1859. To ginin da ya haura shekara 150 kullum yana neman gyara, ga albashin ƙwararren da ke kula da shi, alhali ɗalibin da ke wasa a ciki shekara uku kawai zai yi, aljihunsa kuma ba nauyi. Dole wani ya cike giɓin, kuma babu wanda ya fi cancanta kamar wanda ya ci moriyar wurin ya tafi.

Aminu: Amma Hajiya, ai manyan gari da ba ɗalibai ba su ma suna biyan kuɗin zama 'yan kulob. Wannan bai wadatar ba?

Hajiya Bilkisu: Yana riƙe ginin, Aminu, amma ba lallai ya kai ga sabon ɗalibi ba. Bari in ba ka misali da ƙwallo. Ba a masana'anta ake yin ta ba. Na taɓa zama a ɗan ɗakin da ke gefen fili ina kallon mai koyarwa yana haɗa ta: ya dunƙule ɓawon itacen toshe kwalba, ya naɗe shi da tsumma, ya ɗaure da zare tamau, sannan ya ɗauki allura ya ɗinke mayafin ulu a kai, yatsunsa duk sun yi kanta.

Malam Sani: Da hannu, ɗaya bayan ɗaya?

Hajiya Bilkisu: Ɗaya bayan ɗaya, kuma kwando guda ake zubawa a fili, ba biyu ko uku ba. Idan mayafin ya cinye sai a farke a sake ɗinkawa, cikin kuwa yana daɗewa ana amfani da shi. Na tambaye shi ko ba ya gajiya, ya nuna mini wani kwandon da ke jiransa a ƙarƙashin tebur. Haka ma sandar bugun, ta katako ce mai karkataccen kai, kamfanin Grays na Cambridge ne ya yi suna wajen ƙera ta, kuma tsadarta ta isa ta kori yaron da bai ma tabbatar yana son wasan ba.

Aminu: Ke nan kina ganin a nan gudummawar tsofaffin ɗalibai ta fi amfani.

Hajiya Bilkisu: Ƙwarai kuwa. Yawancin ɗalibai ba su taɓa ganin filin ba kafin su shigo jami'a, domin makarantun da ke da shi ƙalilan ne. Wasa ne da mutum ba ya koya wa kansa: ƙwallo tana gangarowa ta kan rufin da ke jikin bango, ƙasa cike da layukan da ake auna inda ta faɗi karo na biyu, sai an zauna da mai koyarwa. Idan tsofaffin ɗalibai suka biya darussan farko, suka ajiye sandunan aro, suka rage kuɗin awa ɗaya a fili, ɗan talaka zai iya shiga. Idan kuwa kuɗin ya ƙare a kan 'yan wasan da za su je filin Lord's da ke Landan karawar shekara tsakanin jami'o'in biyu, to an shayar da reshe an bar saiwa.

Malam Sani: Ni a nan nake da ja, Hajiya. Mai bayarwa yana son ganin jami'arsa ta yi nasara, wannan karawar ce take sa shi buɗe aljihu.

Hajiya Bilkisu: Ban musa ba, Malam, amma 'yan wasan na baɗi daga cikin masu koyon bana za su fito. Kuma ni na fi son ƙaramin abu da ake bayarwa duk wata a kan babbar kyauta ta sau ɗaya, domin da shi kulob ke iya tsara shekararsa. A Birtaniya ma akwai tsarin Gift Aid, inda kowace fam ɗaya da mai biyan haraji ya ba ƙungiyar da ta cancanta, hukuma take ƙara kwabo 25 na Ingila, wato rubu'in fam, a kai.

Aminu: Da na so mu taɓo gidauniyar Dedanists, mai tallafa wa matasa a wasan, da kuma batun 'yan wasa mata.

Malam Sani: Lokaci ya ci mu, Aminu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajiya, mun gode. Jama'a, a huta lafiya.