Yaronku na shan wuya da lissafi? Ga inda za ku fara

Ku ba ɗan aji uku wannan: 52 a cire 38. Idan ya rubuta 26, kada ku yi saurin cewa wasa ne ya yi masa yawa. Ku duba yadda ya yi. Ya ga 2 a sama, 8 a ƙasa, an kuma gaya masa ba a cire babba daga ƙarami, sai ya juya, ya cire 2 daga 8, ya samu 6. Ya cire 3 daga 5, ya samu 2. Amsar 14 ce, amma yaron nan tunani ya yi. Abu ɗaya ne ya kuɓuce masa: bai gane cewa 5 ɗin nan hamsin ce ba, wato goma biyar, kuma ana iya aro goma ɗaya a kai wa 2 ta zama 12.

Lissafi kamar ginin bulo yake, kowane layi a kan na ƙasa yake zaune. Yaron da bai riƙe matsayin lamba ba a aji biyu zai sha wuya a ninkawa da rabawa, ko da an ɗauko masa malami mafi tsada. Shi ya sa kafin ku nemi mai lesin, ku fara gano inda aka bar shi a baya.

Ku je wajen malamin ajinsa. Kada ku tsaya a “Malam, yaya ƙoƙarinsa?” domin amsar da za ku samu ita ce “sai ya ƙara himma.” Ku ce, “Malam, a wane darasi ya fara ɓacewa? Nuna mini littafinsa.” Kuskuren da ke maimaita kansa shi ne abin nema. Ku tambaya kuma ko makaranta na ware yara kaɗan a yi musu ƙarin darasi. A duba idonsa da kunnensa. A duba karatunsa ma, don wani yaron ya iya lissafin, karanta tambayar ce ke kayar da shi.

In kun yanke shawarar ɗaukar malami, wata cibiyar binciken ilimi a Ingila, Education Endowment Foundation, ta tattara nazarce-nazarce ta ga cewa koyar da yaro shi kaɗai kan ƙara masa ci gaban kusan wata 5, ƙaramin rukuni kuma kusan wata 4. Abin da ya fi aiki shi ne zama gajere a kai a kai, kamar minti 30, sau 3 zuwa 5 a mako, wanda ke tafiya tare da abin da ake yi a aji. To, tazarar da ke tsakanin wata 5 da wata 4 ba ta da yawa, don haka in kuɗi bai kai ba, yara biyu ko uku wajen malami ɗaya ba faɗuwa ba ce.

Malamin kirki yakan fara da gwada yaro, kuma ba ya jin nauyin komawa darasin aji ɗaya. Ku lura ko yana sa yaro ya taɓa abu da hannunsa: tsinke goma a ɗaure da roba, a kwance ɗaurin a gabansa ya ga inda aron ya fito. Daga nan zane, sannan lambobi. Masanin nan Jerome Bruner ya bayyana wannan tsari a shekarun 1960, kuma makarantun Singafo sun gina koyarwarsu a kansa. Malamin da kawai yake yi wa yaro aikin gida, a ganina ɓarnar kuɗi ce. Khan Academy kuwa, wani dandalin darussa da ke koyar da lissafi, kyauta ce a intanet, sai dai ƙaramin yaro na bukatar babba a gefensa.

Ku ma iyaye da naku. A 2015 masu bincike a Jami'ar Chicago sun gano cewa iyayen da ke tsoron lissafi, in suna yawan taya yaransu aikin gida, yaran kan koyi ƙasa da takwarorinsu, su kuma kwashi tsoron. Don Allah a daina cewa “ai mu gidanmu ba mu da kan lissafi” a gaban yaro. Tsawa ma tana cinye ɗan wurin da ƙwaƙwalwarsa ke riƙe lambobi yayin da yake aiki. Ku ce masa, “Nuna mini yadda ka yi,” ku saurara har ya gama.

Idan kuma an yi watanni ana taimaka masa yadda ya dace amma har yanzu sai ya ƙirga ɗigo huɗu ɗaya bayan ɗaya, ko ya kasa faɗin wanne ya fi tsakanin 7 da 9 ba tare da yatsu ba, akwai wata larura da ake kira diskalkuliya. Tana shafar kimanin yara 3 zuwa 6 cikin 100, kuma ba ta da alaƙa da rashin basira. Ku nemi makaranta ta haɗa ku da masanin halayyar koyon yara ya gwada shi, ku tafi da littattafan aikinsa da bayanin malaminsa a rubuce.