Laccar Nima kan matan da ke harbin faifai a gasar Olamfik

Ga laccar da Malama ta yi wa ƙungiyar mata a unguwar Nima da ke Accra, Gana, na kwafo ta daga rikodin waya, inda hayaniya ta yi yawa na tsallake.

Assalamu alaikum. Iyayena Hajiyoyi, yayyena, ƙannena da 'yan matanmu da ke can baya, sannunku da zuwa. Na san da kuka ji wai maganar bindiga za a yi wasu sun ce toh yau kuma me Malama ta ɗauko mana, ku kwantar da hankalinku, wasa ne, kuma wasan da mata suka yi nisa a cikinsa.

Bari in fara da yadda ake yi, don in ba ku gane wannan ba sauran labarin ba zai yi daɗi ba. Sunan wasan tiraf. Akwai rami dogo a gaban masu harbi, tazarar mita 15, a cikinsa an jera injina 15, uku-uku a gaban kowane wurin tsayawa, wuraren tsayawar kuma biyar ne. Injin nan faifai yake cillawa, ɗan ƙarami mai ruwan lemu, faɗinsa santimita 11, kamar murfin ƙaramin kwano. Ke mai harbi kin kafa bindiga a kafaɗa, kin shirya, sai ki yi kira da murya, makirfo ya ɗauka, nan take faifan ya fito da gudun da ya kai kusan kilomita 100 a awa, yana tsere miki, kuma ba ki san ko hagu zai yi ko dama ko tsakiya ba, in ba ki fasa shi ba zai je ya faɗi can wajen mita 76. A kowane zagaye na faifai 25, goma hagu ne, goma dama, biyar tsakiya, amma a cakuɗe suke zuwa. Bindigar mai baki biyu ce, harsashin kuma ƙananan ƙwayoyin dalma ne gram 24 da ke bazuwa. A zagayen share fage ana ba ki harbi biyu a kan kowane faifai, a fainal kuwa ɗaya tak, kin kuskure shikenan.

A da can tantabaru masu rai ake saki, har a gasar Paris ta 1900 an yi hakan, an kashe kusan 300. Allah ya sa an daina.

Toh ina ƙarfi ya shigo nan? Ido ne da natsuwa da saurin hannu. Shi ya sa a da ma mata da maza tare suke yi. Susan Nattrass 'yar Kanada ta shiga tiraf cikin maza a Montreal a 1976. Sai a Barcelona a 1992, a ɗan'uwan wannan wasan da ake kira sikit, wata 'yar Sin, Zhang Shan, ta doke mazan kaf ta ɗauki zinare. Da aka zo Atlanta a 1996 babu sikit na mata, kuma ba a yarda su shiga na maza ba, wato mai riƙe da kambu tana raye lafiyarta ƙalau amma babu filin da za ta kare shi (dariya). Ni dai a ganina wannan bai yi tsari ba ko kaɗan. Sai a Sydney a 2000 aka buɗe wa mata nasu tiraf da sikit, Daina Gudzinevičiūtė ta Lituweniya ta fara cin zinaren tiraf. Ko a nan ma faifai 75 ake ba mata a share fage alhali maza 125, sai a 2018 aka daidaita.

Da aka daidaita ɗin me ya faru? A Tokyo, gasar da korona ta ɗaga zuwa 2021, Zuzana Rehák-Štefečeková ta Sulobakiya ta fasa 125 cikin 125, ko ɗaya bai tsira ba, sannan ta je ta ci zinare. Kafin ita Jessica Rossi ta Italiya ta yi 99 cikin 100 a Landan a 2012. A Tokyon nan kuma Alessandra Perilli ta ciyo wa San Marino tagulla, lambarsu ta farko a tarihi, ƙasar da mutanenta ba su kai 40,000 ba, wallahi Nima da Mamobi sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Amma wadda na fi so in tsaya a kanta ita ce Adriana Ruano ta Gwatemala. Yarinyar nan asalinta 'yar wasan alkafura ce, irin masu juyi a sama, tana shirin neman gurbin Landan sai a 2011 aka duba bayanta aka ga ƙasusuwan gadon baya shida sun samu matsala, wasan ya ƙare mata ke nan. Likitanta ne ya ba ta shawarar ta gwada harbi tunda ba zai takura wa bayan ba. A Rio a 2016 aikin sa kai ta je yi, tana hidima tana kallon wasu suna harbi. Ta je Tokyo ba ta ko kusanci fainal ba. Ranar 31 ga Yuli 2024 a Châteauroux, garin da aka yi harbin gasar Paris, ta fasa 45 cikin 50, sabon tarihin Olamfik, zinare na farko da ƙasarta ta taɓa samu a kowane wasa. Silvana Stanco ta Italiya ta zo ta biyu, Penny Smith ta Ostireliya ta uku. Ku nemi bidiyon a YouTube ku kalla, mutum shida ne suka shiga fainal ɗin, bayan faifai 25 a sallami ɗaya, daga nan duk bayan biyar a sallami wata har su rage biyu, kuma faifan fainal an cusa masa hoda mai launi, in aka same shi sai ki ga ƙura ta tashi fuu a sama. Ku lura da fuskarta tsakanin harbi da harbi.

Mu a Gana lambobinmu na Olamfik biyar ne, huɗu na dambe, daga Clement Quartey a 1960 zuwa Samuel Takyi a Tokyo, ɗaya na ƙwallo a 1992, zinare babu, kuma duk na maza ne. Ba ina cewa gobe mu saya wa 'yan mata bindiga ba fa Hajiya, na ga kina girgiza kai. Wasan na da tsada, bindigar kuɗi ce, harsashi kullum ƙonewa yake, ga lasisi, ga fili mai injina. Ƙofar da ta fi kusa da mu ita ce 'ya'yanmu mata da ke soja da 'yan sanda, sun riga sun san bindiga da dokarta, in hukumar wasanni za ta duba ta can za ta fara.

(Wata ta tambaya ko bindigar ba ta yi wa mace illa a ƙirji.)

Yawwa ƙanwata. Tana bugu, gaskiya ne, amma a lungun kafaɗa ake kafa ta, a manne sosai, kumatu a jikin katakon, kuma ana gyara katakon daidai tsawon hannun mai ita, ga riga mai kushin a wurin. Wanda aka fi tsoro ma kunne ne, dole a toshe shi, a sa tabarau saboda ɓarɓashin faifai. Kuma ba a yarda ki yi tafiya da bindiga a rufe ba, sai a karye, wato a buɗe, ki rufe ta in layi ya zo kanki.