Amsoshin Tambayoyinku: gyale mai raga da bargon haɗe-haɗe

Salamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau saƙonnin masu saƙar kwarashi ne suka cika mana tebur, wato kuroshe kamar yadda muke cewa a nan, toh bari mu shiga kai tsaye.

Wata baiwar Allah daga Garwa, a arewacin Kamaru, ta ce ta saƙa gyale mai raga don zuwa biki, ya yi kyau amma da ta yafa sai zufa da ƙaiƙayi a wuya, wai ina amfanin hujin kenan? Hajiya matsalar daga zaren take. Yawancin ƙulluman zaren lan ɗin nan masu sheƙi na kasuwa akirilik ne, roba ce, ba ta shan gumi, kuma ke kin san Garwa a Maris da Afrilu zafi na haura digiri 40, ko raga ce zalla kika yafa in dai roba ce sai kin ji a jikinki. Ki nemi zaren auduga siriri. In mai shago ya rantse miki auduga ce ki yanki ɗan guntu ki sa masa ashana, auduga warin takarda take yi ta bar toka mai laushi, akirilik kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi baƙin ƙulli mai tauri. Abin na ban haushi wallahi, kamfanin auduga na Sodecoton na nan cikin Garwa tun 1974 yana sayen audugar manomanmu, amma mai saƙa sai ta zaga kasuwa kafin ta samu zaren auduga mai kyau. Sannan in takardar zaren ta ce kwarashi milimita 3, ki ɗau 4, ragar ta fi buɗewa gyalen ya kwanta luf.

Sai wata ƙanwarmu daga Gaundare, tana haɗa bargo da 'yan murabba'i saboda sanyin Disamba, ta ce wasu sun fito manya wasu ƙanana, wasu ma sun lanƙwashe kamar ƙwarya. Toh ƙanwata ke akirilik ɗin ma ya dace da ke, garinku kan tudu yake, sanyinku ba wasa ba. Lanƙwashewar nan daga kusurwa take zuwa, kowace kusurwa sai ta samu dogayen saƙa 3, sarƙa 2, sai wasu dogayen 3 duk a rami ɗaya, in kika manta a zagaye ɗaya kawai ko kika matse hannu shikenan ta tashi sama. In kuma gefen na yin tattara to kin yi yawa ne. Girman kuwa hannu ne, ranar da kike cikin ɓacin rai saƙarki matsewa take, ranar hira da maƙwabta ta saki, kowa haka yake, don haka ki yanki kwali daidai girman na farko kina gwada kowanne a kai tun kafin ki yanke zare. Waɗanda suka ɗan bambanta kar ki warware, ki jiƙa su ki matse da tawul, ki shimfiɗa kan katifa ki kakkafa allurai a kusurwoyi su bushe a inuwa. Dan Allah kar ki ɗora dutsen guga kai tsaye, narkewa zai yi. Kuma ki sayi zaren gaba ɗaya lokaci guda ki duba lambar rini a takardar, ja da ja ma suna bambanta.

Na ƙarshe daga Kusiri, yallaɓai ne ma ya rubuto a madadin uwargida, wai abin wuyan da take saƙa masa yana ta tsukewa yana hawa. Malam ka gaya mata tana tsallake saƙar ƙarshe ta bakin layi ne, wadda ke kan sarƙar juyawa, wato sarƙar da ake yi in za a juya a fara sabon layi, ta ɗaura guntun zare mai wata kala a wurin, ta riƙa ƙirga kowane layi. Lokaci ya cimmana, sauran saƙonnin sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.