Kafin ka sayi fenti: yadda ake zaɓar jigon aikin zane

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ɗalibai. Malami ya shigo aji ya ce kowa ya kawo jigon aikinsa na ƙarshen zango nan da mako biyu. Kafin ya rufe baki, rabin aji sun riga sun rubuta abu ɗaya: al'adun Hausa. Sauran kuma, zaman lafiya, ko talauci, ko ilimin 'ya'ya mata.

Duk batutuwa ne masu kyau, amma har yanzu ba su zama jigo ba. Sun yi faɗi. Wanda ya ce zai zana al'adun Hausa a kan ƙyalle guda kamar wanda ya ce zai zuba kogin Kaduna ne a cikin tulu. Abin da ke fitowa a ƙarshe kowa ya san shi: doki, kalangu, ƙwarya, dagi a tsakiya. Malamin nan ya ga irinsa tun kafin ka shiga makarantar.

To, ya ake rage faɗin? Mu ɗauki misali. A ce wata ɗaliba ce a Kano, ita ma ta fara da al'adun Hausa. Sai ta tambayi kanta, a cikin al'adun wanne zan iya zuwa in gani da idona? Ta ce rini. Ina? Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Ta je ta zauna a bakin karofi da littafin zanenta. A nan ta ga abin da hoton waya ba zai ba ta ba. Ta ga ana tsoma farin ƙyalle a ruwan baba, ya fito da kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonta. Ta ga mabuga suna dukan zane har ya ɗauki ƙyalli. Ta ga ramuka da dama a bushe, babu mai aiki a kansu. Sannan ta lura da hannun wani dattijo, shuni ya kama shi har cikin farce, wanki ba ya fitar da shi.

Nan jigonta ya fito: sana'ar da ke bin mutum har gida a jikin hannunsa. Hannuwa kawai za ta zana, ba fuska, ba doki, kuma da launi ɗaya, shuɗin baba. Kun ga bambancin? Na farko kowa zai iya yi yana kwance a ɗaki. Na biyun sai wanda ya je.

Gwajin da nake so ku riƙa yi shi ne wannan. Ka faɗa wa abokinka jigon a jimla ɗaya, ba tare da ka ce "wato" ko "ka gane" ba. Idan ya yi shiru ya ce, to me za mu gani a bango, kuma ba ka da amsa, da sauran aiki.

Wannan neman jigo a kusa da gida ba sabon abu ba ne. A 1958 wasu ɗaliban zane a Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ana koya musu zane irin na Turawa, su kuma suka ce za su ɗauki dabarar, amma abin zanawa daga garuruwansu zai fito. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. A lokacin ɗalibai ne kamar ku, suna jiran makin malami. Kuma a garin da suka zauna, bangon gidajen cikin birni cike yake da zanen magina, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Kai ma ka duba kusa: aska takwas a wuyan babbar riga, zayyana a jikin allo, sassaƙar ƙwarya, lalle a ƙafar amarya. Ɗalibin da ba ya son zana mai rai saboda dalilin addini, a nan ma yana da fili har ya gaji.

Sai dai a kula. Kwafe dagi a liƙa a kusurwa ba jigo ba ne, ado ne. Tambayar ita ce me kake son cewa da shi.

Yanzu maganar kayan aiki, kuma a nan ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe, domin suna zaɓar jigo yau, kayan aiki sai daga baya. Tare ake zaɓarsu. El Anatsui, ɗan Ghana da ya taɓa shafe shekaru da dama yana koyarwa a Jami'ar Nsukka, ya yi suna a duniya da murafan kwalabe da ake zubarwa. Ana daddaƙe su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama kamar ƙaton zane mai rufe bango. Da zana murafan ya yi da fenti, da aikin ya zama wani abu daban. Ladi Kwali kuma, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, tun a ƙauye ta iya ginin tukwane da hannu. Da ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew, wani Bature maginin tukwane, a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ta koyi sababbin dabarun gashi da sheƙi, amma ƙadangaru da kifaye da kunamun da take zanawa a jikin tulu suka biyo ta. Ɗalibarmu ta Kano ma haka ya kamata ta yi tunani. Me zai sa ta sayi fentin kanti mai tsada alhali jigon nata rini ne? Ta yi aiki a kan ƙyallen da aka rina a karofin, ta bar abin ya yi magana da kansa.

Shiri kuwa daga ƙarshe ake ƙirgo shi zuwa farko. Rubuta ranar baje koli, ka riƙa ja da baya. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe. Yumɓu idan hunturu ya buge shi da sauri tsagewa yake, da damina kuma sai ya ƙi bushewa. Mai aiki da kwamfuta ya sa ɗaukewar wuta a lissafi. Ware mako guda na ƙarshe da ba ka tsara masa komai ba, domin wani abu zai lalace, ko da yaushe haka ne.

Kuɗi ma a lissafa tun farko, har da na mota da na kafinta.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne gwaji. Kafin babban aiki, yi ƙanana, kamar girman tafin hannu, guda goma ko fiye, da fensir ko gawayi. Mafi yawansu za su yi muni, ba komai, aikinsu ke nan. Sannan ka yi guda ɗaya da ainihin kayan da za ka yi amfani da su. A nan ɗalibarmu za ta gano ko farin alli yana zama a kan rinannen ƙyalle ko karkaɗewa yake, tun tana da lokacin canza dabara. Waɗannan ƙananan za ka kai wa malami mai duba aikinka. Idan ka je da baki kawai, shi ma da baki zai amsa maka.

Idan akwai mutane a aikinka, nemi izini. Ka yi sallama, ka gaida baba, ka faɗi makarantarku da abin da za ka yi da zanen. Wani zai ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Wanda ya yarda kuma, in an gama ka koma ka nuna masa.

Kafin ka yanka ƙyalle, je ka ga ɗakin da za a baje aikin. Auna bangon, duba ta ina haske ke shigowa, tambayi ko an yarda a buga ƙusa. Auna ƙofar ma, da matakalar bene in akwai. A bidiyo na gaba za mu buɗe littafin zane mu yi waɗannan ƙananan gwaje-gwaje tare, don haka ku tanadi gawayi da takarda. Sai mun haɗu.