Manjo Janar Muhammadu Shuwa da yadda ya ja Runduna ta Ɗaya

An ɗauko wannan daga lacca da aka gabatar a Sakkwato ranar tunawa da mazan jiya.

Assalamu alaikum. Iyayenmu tsofaffin sojoji da ke zaune a gaba, Allah ya ƙara lafiya. Ku matasan hafsoshi na barikin Giginya, yawancin maganar tawa da ku nake.

Muhammadu Shuwa mutumin Borno ne, an haife shi a 1939, ya yi horon hafsa a Sandhurst ta Ingila. A 1966 shi ya karɓi Bataliya ta Biyar da ke Kano daga hannun Ojukwu, wanda daga baya ya jagoranci ɓallewar Biyafara. Bayan shekara guda sai ga su suna yaƙi da juna.

An fara harbi a yaƙin basasar Nijeriya ranar 6 ga Yulin 1967, Shuwa na riƙe da dakarun da suka shiga ta arewa, waɗanda suka zama Runduna ta Ɗaya. Nsukka da Ogoja sun faɗi a cikin watan, Inugu kuma ranar 4 ga Oktoba.

To, ta yaya yake tafiya? Kafin a taɓa gari, 'yan leƙen asiri sun je sun dawo. Sai igwa ta yi ruwan wuta. Motocin sulke irin su Ferret da Saladin su bi titi, sojan ƙasa na gefe biyu cikin daji, saboda nakiyar gida da 'yan Biyafara ke binnewa, wadda suke kira ogbunigwe. Idan gari ya faɗi, a nan yake tsayawa. A haƙa ramuka, a tsare gadoji da mahaɗar hanyoyi, a kwashe masu rauni, a jira harsashi da mai da abinci su iso daga Makurɗi. Sai an cika rumbu sannan a ɗaga. Masu gaggawa sun yi ta ƙorafin cewa yana da nawa. Ni a ganina lissafi ne: soja mai harsashin yini ɗaya, in hanyar bayansa ta yanke, ya zama nama.

Ku dubi abin da ya faru a Anaca. Runduna ta Biyu ta Murtala Muhammed an haɗa ta ne cikin gaggawa, kurata sun yi yawa, gogaggun saje da kofur sun yi kaɗan. Sojan Nijeriya da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙi ya kai kusan 250,000 a ƙarshensa, kun ga horo dole ya gajarce. 'Yan Biyafara sun karya gadar kogin Neja da ta haɗa Asaba da Anaca. Hedikwata a Legas ta ba da shawarar a zagaya ta arewa. Murtala ya zaɓi tsallakawa da jiragen ruwa daga Asaba a Oktoban 1967, sau uku ana gwadawa ana asara. Matsalar ba jarumta ba ce. Waɗanda suka haye da farko ba su kafa tsaro a gaɓa ba, ɗauki bai iso kan lokaci ba, ga kogi a bayansu. Daga baya ta Idah aka tsallaka, Anaca ta faɗi a Maris 1968. Ranar 31 ga watan kuma aka yi wa ayarin rundunar kwanton ɓauna a Abagana. Motoci sun jeru kusa da juna a kan titi ɗaya, da tankar mai a tsakiya, wuta ta kama ta bi sauran.

Salon Shuwa ma yana da tsadarsa, kada mu ɓoye. Duk tsayawar da ya yi, abokin gaba na samun sararin sake shiri da haƙa nasa ramukan. Umuahia, inda Ojukwu ya mayar da hedikwatarsa, ba ta faɗi ba sai 22 ga Afrilun 1969. A watan Mayu Gowon ya sanar da sauya kwamandojin rundunonin uku, Iliya Bisalla ya gaji Shuwa. Yaƙi ya ƙare 15 ga Janairun 1970.

Daga baya Shuwa ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Murtala, ya yi ritaya ya koma Maiduguri. A gidansa na unguwar Gwange 'yan bindiga suka harbe shi ranar 2 ga Nuwamban 2012. Allah ya jiƙansa da rahama. Mai tambaya ya ɗaga hannu.